Yadda Ake Tantance Rigar Arsenal Kafin a Biya Kuɗinta

Duk wanda ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na birnin Katsina da yammacin Asabar, daga Ƙofar Ƙaura har zuwa Ƙofar Marusa, zai ga jajayen riguna masu fararen hannuwa a jikin samari da magidanta, wasu sababbi fil, wasu kuwa sun koɗe saboda wanki da rana. Son Arsenal ya kafu a ƙasar nan tun lokacin da Nwankwo Kanu ya koma ƙungiyar daga Inter Milan a farkon shekarar 1999, kuma har yau bai yi sanyi ba. Sai dai mafi yawan masu sayen jesi ba su da abin dogaro a wajen ciniki illa rantsuwar mai rumfa, wanda shi ma sau da yawa maganar wanda ya sarar masa da kayan a Kano ko Legas yake maimaitawa. Alhali kuwa kowace riga tana ɗauke da shaidar shekararta da asalinta a jikinta, kuma mutumin da ya san tarihin ƙungiyar zai iya tantance ta yana tsaye a gaban rumfa, ba tare da ya yi musu da kowa ba.

Rigunan kashi uku ne, kuma daga rashin rarrabe su ruɗani yake farawa. Akwai rigar da aka ɗinka daidai da wadda 'yan wasa suke sakawa a fili: yadinta ba shi da nauyi, tana kama jiki, kuma tambarin ƙungiya da na kamfani manna su ake yi da zafi domin kada zare ya riƙa gogar ƙirjin ɗan wasa. Akwai ta magoya baya, wadda kamfanin nan dai ne yake yin ta da izinin ƙungiya, amma ta fi sakewa a jiki, ta fi jure wanki, kuma yawanci tambarinta na zare ne. Waɗannan biyu duka na gaske ne. A Ingila ta magoya baya ta babban mutum ta haura fam 70 a 'yan shekarun nan, ta 'yan wasa kuwa ta haura fam 100. Ta uku ita ce kwaikwayo, wadda wasu masana'antu a Asiya suke yi ba da izinin kowa ba, kuma ita ce ta cika kasuwanninmu aji-aji, daga mai kyan gani ƙwarai zuwa wadda rubutunta yake ɓarewa a wankin farko. Ka juya fam 70 zuwa naira a canjin yau, ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa, sannan ka kwatanta da abin da aka faɗa maka a Babbar Kasuwa. A kan sabuwar rigar bana, wannan lissafi kaɗai ya raba gardama.

Ban ga aibun matashin da ya sayi kwaikwayo yana sane ba, domin ba kowa ne zai ɗauki kuɗin cefanen wata ya zuba a kan riga ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mutum da kwaikwayo da sunan orijina, a kuma karɓi kuɗin orijina a hannunsa. Wannan ha'inci ne, kuma ya fi faɗa wa masu neman tsofaffin riguna, domin su ne suke biyan kuɗi mai tsoka saboda tarihi.

Sana'ar sayar wa 'yan kallo rigar ƙungiya ba tsohuwa ba ce. Kamfanin Admiral na garin Leicester ne ya buɗe ƙofarta sosai lokacin da ya ƙulla yarjejeniya da Leeds United a 1973, a zamanin koci Don Revie, sannan da tawagar ƙasar Ingila a 1974, kuma da farko yara aka yi wa kayan. Manya ba su rungumi saka jesi zuwa filin wasa ba sai a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. Talla a ƙirji ma a wannan tsakani ta shigo, inda Liverpool ta fara ɗaukar sunan Hitachi a 1979. Amfanin sanin wannan shi ne idan wani ya miƙo maka rigar babban mutum ya ce tun 1971 aka sayar da ita a kanti, to ka san daga baya aka sake ɗinka ta. Ƙungiyar da kanta tana sake fitar da irin waɗannan tsofaffin zane tana sayarwa, kuma halastattun kaya ne, amma ba tsofaffi ba ne, bai kuma kamata a yi musu kuɗin tsofaffi ba.

Launi shi ne abin da ido yake fara kamawa, kuma shi ne mafi raunin shaida. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich a kudu maso gabashin Landan ne suka kafa ƙungiyar a 1886, abin da ya sa igwa ta zama alamarta, kuma da ja mai duhu suka fara. Sun koma Highbury a arewacin birnin a 1913, sannan a 1933 koci Herbert Chapman ya ƙara fararen hannuwa ya kuma haskaka jan. Tun daga nan sau biyu kawai aka bar wannan tsari da gangan na tsawon kaka: daga 1965 zuwa 1967 da aka saka ja zalla, da kuma kakar 2005 zuwa 2006, shekarar bankwana da Highbury, da aka koma ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, da rubutun ruwan zinare. Rigar waje kuwa an fi saninta da rawaya da shuɗi, domin da ita Charlie George ya ci ƙwallon da ta ba su Kofin FA a kan Liverpool a 1971, da ita kuma Michael Thomas ya ci ƙwallon mintin ƙarshe a Anfield a 1989 suka ɗauki gasa, amma an yi ta shuɗiya, an yi fara, an yi ruwan zinare, an yi baƙa. Saboda haka launi zai gaya maka ƙungiya, amma ba zai gaya maka shekara ba.

Ka fara da tambarin kamfanin da ya ɗinka rigar, wanda yawanci yake ɓangaren dama na ƙirjin mai sakawa. Umbro ne yake yi wa Arsenal riga har zuwa 1986. Adidas ya karɓa daga 1986 zuwa 1994, Nike ya riƙe shekara ashirin cur daga 1994 zuwa 2014, Puma ya yi daga 2014 zuwa 2019, sannan Adidas ya dawo a 2019 kuma shi ne har yanzu. Da yake Adidas ya zo sau biyu, sai a lura da siffar tambarinsa: rigunan ƙarshen shekarun 1980 suna ɗauke da tsohon tambari mai ganye uku, waɗanda aka yi daga 2019 suna da sanduna uku a karkace da sunan kamfanin a ƙasansu, daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma aka cire sunan aka bar sandunan kaɗai.

Daga nan sai tallan ƙirji, wanda a ganina ya fi kowace alama amfani, domin ba ya ɓuya kuma shekarunsa a tsare suke. JVC, kamfanin kayan lantarki na Japan, shi ne na farko, daga 1981 zuwa 1999. Sega, kamfanin wasannin bidiyo, ya biyo baya daga 1999 zuwa 2002, kuma ya raba sunayensa biyu: Dreamcast a rigar gida, Sega a ta waje, irin rigar nan ruwan zinare da Sylvain Wiltord ya saka ranar da ya ci ƙwallon da ta ba su gasa a Old Trafford a watan Mayun 2002. Kamfanin waya na O2 ya yi daga 2002 zuwa 2006. A shekarar da aka tare a sabon filin Emirates, wato 2006, kamfanin jiragen sama na Dubai ya hau ƙirji da rubutun Fly Emirates, wanda ya koma Emirates Fly Better daga kakar 2020 zuwa 2021, an kuma ƙara Visit Rwanda a hannun hagu daga 2018. Yanzu sai ka haɗa alamomin biyu ka ga ko sun yarda da juna. Nike da JVC suna haɗuwa, amma daga 1994 zuwa 1999 kawai. Adidas da O2 ba su taɓa haɗuwa a rigar wasa ba, haka Puma da Dreamcast, haka Nike da Visit Rwanda. Duk rigar da ta haɗa irin waɗannan, ba sai ka ƙara duba komai ba.

Tambarin ƙungiya shi ne shaida ta uku. Daga 1967 zuwa 1990 igwa ce kaɗai a ƙirjin hagu. A 1990 aka fara ɗora cikakken tambarin da ƙungiyar ta ɗauka tun 1949, mai sunan Arsenal da haruffa masu ado irin na dā, da taken Latin a ƙasa, kuma bakin igwarsa yana fuskantar hagun mai kallo. A 2002 aka sauya shi da na yanzu, mai sauƙin zane, wanda bakin igwarsa yake fuskantar dama, kuma daga cikin dalilan sauyin akwai cewa ƙungiyar ta kasa mallakar tsohon a gaban doka yadda za ta hana 'yan kasuwa bugawa. Tun da sabon tambari da O2 shekara ɗaya suka zo, riga mai O2 da tsohon tambari ƙarya ce, haka ma mai Dreamcast da sabo. A kakar 2011 zuwa 2012 an kewaye tambarin da ganyaye saboda cika shekara 125, a kakar 2024 zuwa 2025 kuma an koma igwa kaɗai a rigar gida. Wannan na ƙarshe ya sa wasu suka yi zaton jabu ce aka manta da tambarinta, alhali haka ƙungiyar ta tsara ta.

Inda masu kwaikwayo da masu buga suna suka fi tona wa kansu asiri shi ne bayan riga. Suna da lamba ta dindindin ga kowane ɗan wasa sun fara a gasar Firimiya ne a kakar 1993 zuwa 1994, bayan an gwada su a wasan ƙarshe na Kofin Lig na 1993 tsakanin Arsenal da Sheffield Wednesday. Kafin nan lamba 1 zuwa 11 ake sakawa ba tare da suna ba, don haka shahararriyar rigar wajen nan ta 1991 zuwa 1993, rawaya mai baƙin zane mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda aka fi kwaikwaya a cikin tsofaffi, ba a buga wasannin gasa da ita da sunan kowa a baya ba. Bayan haka sai ka tambayi kanka ko ɗan wasan yana ƙungiyar a shekarar da rigar take nunawa. Kanu ya saka lamba 25 daga 1999 zuwa 2004, saboda haka sunansa ya dace da JVC na watanninsa na farko, da Dreamcast na kakar da ya zura wa Chelsea ƙwallo uku cikin mintoci goma sha biyar na ƙarshe a Stamford Bridge a Oktoban 1999, da kuma O2, amma bai taɓa buga wasan gasa da Fly Emirates ba. Thierry Henry ya zo ne a Agustan 1999, bayan JVC ya tafi, ya saka 14 har 2007, da ya dawo aro a 2012 kuwa 12 aka ba shi. Alex Iwobi ya fara da 45 kafin ya koma 17, kuma duk zamansa a babbar tawaga a rigar Puma ya yi shi. Bukayo Saka ya saka 87, sannan 77, bai karɓi 7 ba sai a 2020. Mutum yana da 'yancin ya sa a buga masa Kanu a rigar bana don ƙauna, kuma ba wanda zai hana shi, amma mai saye ya san cewa abin da ke hannunsa ba shaidar wani zamani ba ce.

Siffar haruffan ma tana magana. Tun 1997 gasar Firimiya take tilasta wa dukan ƙungiyoyinta salon rubutu ɗaya, kuma ta sauya shi a 2007 da 2017 da 2023, da ɗan hoton zaki a gindin kowace lamba. A wasannin Turai da na kofi ƙungiya tana amfani da nata salon. Bajon gasar da ke hannu yana da zaki cikakke wanda ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo har zuwa 2016, daga nan aka koma kan zaki kaɗai, kuma zakarun kakar da ta wuce ne suke saka na ruwan zinare.

Wannan ƙaramin bayani yana da nauyi a kan rigar da ta fi kowace tsada a zukatan mutanenmu, wato ta kakar 2003 zuwa 2004, lokacin da koci Arsène Wenger ya kammala wasa 38 ba a doke shi ba, ya ci 26 ya yi canjaras 12. A wancan zamani rigar gida tana yin kaka biyu kafin a sauya ta, ba kamar yanzu da ake fitar da sabuwa duk shekara ba, don haka riga ɗaya ce aka saka daga 2002 zuwa 2004: Nike, da O2, da sabon tambari a ƙirjin hagu. Abin da ya raba kakar farko da ta biyu shi ne bajon hannu. A ta farko Arsenal ce mai riƙe da kambu, sai ta saka na zinare. A ta biyu Manchester United ce mai riƙe da shi, sai Arsenal ta saka bajo na kowa da kowa. Ke nan rigar da ba a doke ta ba ita ce mai bajon da ba na zinare ba, saɓanin abin da mutane da yawa suke zato. Akwai kuma wadda ake rikita ta da ita, ta kakar 2004 zuwa 2005, ita ma Nike da O2, amma tambarinta a tsakiyar ƙirji yake. Irin wannan rabuwa ta faru a 1998 zuwa 2000, inda zane ɗaya ya ɗauki JVC a kaka ta farko, Dreamcast a ta biyu.

Idan tarihin ya daidaita, aikin bai ƙare ba, domin ƙwararrun masu kwaikwayo su ma sun san tarihi. A nan sai ka juya rigar ciki waje. Kamfanonin nan suna ɗinka wani ɗan ƙyalle a ciki, ko dai kusa da wuya ko a ɗinkin gefe ƙarƙashin takardar bayanin wanki, wanda yake ɗauke da lambar kayan. Ta Adidas ta wannan zamani haruffa biyu ce da lambobi huɗu, ta Nike a shekarunsa na baya da Arsenal lambobi shida ce da wasu uku a bayansu, ta Puma kuwa shida da biyu. Ka rubuta lambar a Google a wayarka tare da sunan kamfanin. Idan hotunan da suka fito na wannan rigar ce, ka sami shaida mai ƙarfi. Idan kuwa takalmi ya fito, ko rigar wata ƙungiya, ko riguna iri-iri masu lamba ɗaya, to kwaikwayo ce, domin masana'antun jabu sukan buga lamba guda su liƙa wa duk abin da suka ɗinka. Rigunan shekarun 1990 da yawa ba su da irin wannan lamba, sai a dogara da sauran alamomi. Kada kuma sunan ƙasar da aka ɗinka riga ya ruɗe ka, domin kayan gaske ma a Tailan da Kambodiya da Biyetnam da Sin ake ɗinka mafi yawansu.

Tun da rigar tana juye a hannunka, ka dubi bayan tambarin. A ta gaske aikin zaren a tsabtace yake, a jabu kuwa za ka tarar da farar takarda ko ƙyallen da ba a yanke ba, da zare yana tsallakawa daga wannan harafi zuwa wancan. Ka bi ɗinkin kafaɗa da na hammata da yatsa ka ji ko ya tafi daidai, ka ja wuyan a hankali ka ga ko zai koma yadda yake. Ka ɗaga ta sama a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, ka ga ko tambarin da tallan sun zauna a miƙe, sannan ka gwada ta da hoton wasan gaske na wannan kaka, ka ƙirga har layukan da ke bakin hannu da siffar kwala. Kwalin da ke rataye da ledar da aka naɗe ta ba shaida ba ne ko kaɗan, domin su ne mafi sauƙin bugawa.

Ga mai son riga ta gaske da kuɗin da ba zai karya shi ba, shawarata ita ce gwanjo. Turawa suna ba da tsofaffin jesinsu sadaka, su shigo dila su iso Ƙofar Wambai a Kano da rumfunan Katsina da Daura da kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Mai'adua, kuma sau da yawa mai rumfa kuɗin riga kawai yake yi musu. Ka saba da mutum ɗaya ko biyu, ka nuna musu hoton abin da kake nema, ka roƙe su su kira ka ranar buɗe dila, domin kayan kirki ba sa kwana. Amma ka yi musu binciken nan duka, saboda a Turai ma ana saka jabu, kuma shi ma yana shiga dila. Ka dubi hammata ko ta yi rawaya, da wuya ko ya saki, da tallan ƙirji ko ya fara tsagewa, domin tabo yakan fita amma roba da ta tsage ba ta komawa. Ka lura da girma: da yawa daga abin da ke zuwa na yara ne, rigunan shekarun 1990 kuwa an yanka su da faɗi, ta yadda matsakaiciyarsu ta kai babba ta yanzu, su kuma kayan kwaikwayo sukan zo a matse, sai an ƙara lamba ɗaya. Idan ka gane cewa abin da ke hannunka yana da daraja fiye da yadda mai rumfa ya sani, ka yi tayi na mutunci. Shi ne zai sake kiranka gobe.

A cikin tarin gwanjo za ka ci karo da rigunan wasu ƙungiyoyi, kuma ya dace mutumin Katsina ya karanta abin da ke ƙirji kafin ya kai wa ɗansa. Carlsberg da ke rigar Liverpool daga 1992 zuwa 2010 giya ce, haka Chang na Everton, bwin na Real Madrid da AC Milan kuwa kamfanin caca ne, kuma yaro zai iya shiga sahun salla da shi bai sani ba. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 su cire tallan caca daga gaban riga bayan kakar 2025 zuwa 2026. Ƙirjin Arsenal bai taɓa ɗaukar giya ko caca ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake ba iyaye shawarar rigarta da kwanciyar hankali. Ina kuma fatan masu zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko su riƙa adana rigunan Katsina United, wadda a da ake kira Spotlights, kaka bayan kaka, da rubuta shekarar kowacce, domin tarihinmu na gida ma ya cancanci a riƙe shi haka.

Idan sabuwar riga ce babu suna, ka yi tunani kafin ka kai ta wurin masu bugawa. Abin da aka manna da zafi ba ya cirewa ba tare da ya bar shaida ba, ɗan wasa kuma yana iya barin ƙungiya kafin rigar ta tsufa. In har za ka buga, ka nemi a nuna maka haruffan a ƙasa tukuna, ka tabbatar salonsu na shekarar rigar ne, ka kuma tsaya a auna tsakiya a gabanka. Tsohuwar riga ta gaske kuwa, wadda ta zo ba suna, gara a bar ta yadda take.

Saura kulawa, kuma a nan ne yanayin ƙasarmu yake cin riguna fiye da shekaru. Yadin jesi roba ne, ba auduga ba, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. A wanke ta da hannu a ruwan sanyi, a juye, da sabulu kaɗan, ba tare da burushi ko bilic ba, kuma kada a murɗe ta wajen matsewa, domin murɗawa ce take fasa lamba. Kada a bar ta ta kwana da gumi, saboda irin wannan yadi yana riƙe wari. A shanya ta a inuwa, a juye, domin ranar Maris da Afrilu tana cinye ja cikin ɗan lokaci, a hunturu kuma gara a shanya ta a ɗaki saboda ƙura. Ba ta buƙatar guga. Idan an kai wa mai wanki tare da sauran kaya, a ware ta a gaya masa da baki, domin dutsen gawayi taɓawa ɗaya zai yi ya narkar da tallan ƙirji. A nisanta ta da tartsatsin wutar mai shayi da ta mai tsire da kaskon turaren wuta, kuma kada a shafa mata turaren mai, wanda yake barin tabon da ba ya fita.

Wajen ajiya, rataya ta fi ninkewa, amma idan dole ne a ninke, a saka farar takarda tsakanin lamba da sauran yadin, domin a ɗaki mai rufin kwano roba takan yi laushi ta manne da 'yar'uwarta, ta ɓare ranar da aka zo buɗewa. Kada a kulle ta a leda tsawon damina. Idan gefen wani harafi ya fara ɗagowa, a gyara shi tun bai yi nisa ba: a shimfiɗa rigar a kan tebur, a ɗora farin ƙyallen auduga a kan wurin, a danna dutsen lantarki mai ɗumi kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an ja shi ba, sannan a bar wurin ya huce sarai kafin a ɗaga ƙyallen a duba, in bai kama ba a sake sau ɗaya.